Agogo ya shigar da ni gidan bazawara, ni kuwa ban shiga ba

Ga saƙon da ya iso mana wannan mako:

"Assalamu alaikum Malam, don Allah a ɓoye sunana. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 44, ina saida atamfa da shadda a babbar kasuwar Maradi, gidana a unguwar Zariya. Bara likita ya ce tansiyona ta hau kuma tumbi ya yi yawa, in riƙa motsa jiki. Ƙanena da ke Faransa ya aiko mani agogon gudu mai GPS, yau wata huɗu kullum in na hito masallacin asuba sai in yi futin. Agogon shina tura taswirar inda na bi cikin wayata. Ran Talata uwargida ta ɗauki wayar ta ga layin ya bar hanya ya shiga wani gida can wajen Ali Ɗan Sofo, ya yi ta kewaya ciki har minti 9, gidan kuma an san akwai wata bazawara ciki. Wallahi tallahi Malam gwiwa ce ta riƙe ni na jingina da katanga gindin wani bedi, ko ƙofar gidan ban kalla ba. Ta ce na'ura ba ta ƙarya, mutum ke ƙarya. Yau kwana shida sai ta bakin yara take mani magana. Ga abokina da muke gudu tare shina cewa agogon jabu ne, don wayarshi tana nuna kilomita 5 da mita 400 nawa shina nuna 5 da 100. Wani lokaci kuma shi nuna bugun zuciyata ya kai 182. In saida shi in huta ko yaya?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi mani ahuwa, sai da na yi dariya har shayi ya sarƙe ni kahin in iya riƙe waya in ba ka amsa, na san kai gare ka ba abin dariya ba ne, magidancin da kwana shida ana aiko mashi yaro "wai in ji Mama abincinka na rumfa" ba shi cikin raha. Allah shi sanyaya.

Ni dai bakinka kaɗai na ji, ban ji na Hajiya ba, inda ka shiga da inda ba ka shiga ba kai da Mahaliccinka kuka sani. Amma in tambayar ita ce ko agogon nan zai iya zana mutum a tsakar gidan da bai taka ba, to ƙwarai kuwa, shina yi, kuma irin tsayuwar da ka kwatanta, jikin katanga, ƙarƙashin icce, ba motsi, ita ce ma tsayuwar da ta hi sa shi wannan shirmen. Da za a ce in zaɓi wuri guda a Maradi da agogo zai yi ma mutum ƙazahi, wurin da ka zaɓa zan zaɓa.

Bari ka ji yadda abin ke aiki, don sai ka gane shi da kanka za ka iya gaya ma wani. Agogon hannunka ba shi ganinka, ba shi da ido, ba shi aika komi sama, saurare kawai shike. Can sama nisan kilomita kamar 20,200 akwai taurarin ɗan adam na Amurka, su ake kira GPS, wajen talatin, kowane shina kewaya duniya sau biyu a kwana, kowane ɗauke da agogon atom da kusan ba shi kuskuren lokaci, aikinshi shi yi ta shela ba tsayawa: ni ne wane, ga inda nike, ga lokacin da na faɗi wannan magana. Agogonka shi ji shelar, shi duba tsawon lokacin da ta ɗauka kahin ta iso, daga nan shi san nisan tauraron. In ya samu huɗu ko hiye sai shi haɗa lissahi shi ce kana nan. Shi ya sa ba ruwanshi da rezo ko mega, ko tsakiyar daji kake hanyar Dakwaro zai kama. To saƙon nan da saurin haske shike tahiya, kilomita 300,000 a sakan guda, ma'ana in aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, an gusar da kai mita 300. Ka ga ashe in ya ɓata da mita huɗu ko biyar ba abin zagi ba ne, abin a jinjina mashi ne. A 1978 aka harba tauraron farko, tsarin ya cika a 1995, kuma har zuwa watan Mayu na 2000 sojan Amurka da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskure shi kai mita ɗari. Da a wancan zamani ne da ba gida guda zai shigar da kai ba, layin duka za ka zaga gida gida.

Mita biyar ɗin nan ma a hili ne, sama buɗe. Cikin lungu labari daban ne. Katanga ta tare maka rabin sama, ganyen bedi ya raunana abin da ya rage, jikinka kanshi shina tarewa in hannun na gehen bango, sannan saƙon shi bugi ginin sama na maƙwabta ko ruhin kwano ko ƙofar ƙarhe shi dawo kamar amsa kuwwa, shi iso a makare, agogo kuwa bai san ya biyo ta wani wuri ba sai shi ɗauka nisa ne ya ƙaru. Kuma in kana gudu kuskuren ba shi hitowa sosai don layi na tahiya gaba, amma in ka tsaya cik, kowane ɗan lokaci shina sake lissahi, yanzu shi ce kana nan, anjima shi ce mita uku gabas, anjima mita shida arewa, manhajar waya kuma ta bi ɗigon nan tana haɗa su da layi, sai ka ga zane kamar kaza ta yi tono. Kai da ka jingina da katangar, taku nawa ne tsakaninka da tsakar gidan? Kaurin bulo ne kawai. Ƙari a kan haka hoton unguwa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layin wani abu ne daban, wasu suka ɗauke shi wata rana daban, shi ma shina iya gocewa da ƴan mitoci.

Yanzu ka buɗe gudun ran Talatar, in ba ka goge ba, kuma don Allah kar ka goge, gogewa a idon mace daidai take da amsa laihi. Ka buɗa taswirar sosai da yatsu ka duba ta ina layin ya shiga. Mutum ta ƙofa shike shiga, ta zaure, layi guda shiga layi guda hita. Kuskuren tauraro kuwa ta kan katanga shike ratsawa, shi hita shi koma shi sake hita, wani lokaci shi leƙa gidan da ke kallon wancan. In layinka ya ratsa bango sau bakwai cikin minti tara, to ko dai na'ura ce ta ruɗe ko kuma Hajiya aljani take aure. Sannan ka gangara ƙasan shahin, akwai zanen yawan takunka a minti da na bugun zuciya. A minti taran nan taku zai faɗi ƙasa warwas, bugun zuciya kuma shi yi ta sauka sannu sannu irin na mai hutawa. Magidancin da ya saci jiki ya shiga gidan bazawara da duku-duku, ina tabbatar maka zuciyarshi ba sauka take yi ba.

Amma wanda ya hi duka shi ne a gwada a gabanta, kuma ita za ta yi da hannunta, kai ka koma gehe ka naɗe hannu. Ta ɗauki agogon ta ɗora bisa turmi jikin katangar gidanku, inda rumfa ko icce ya ɗan ruhe, ta danna fara gudu, a bar shi minti goma sha biyar ba mai taɓawa. Kahin nan ka shiga saiti ka kashe abin nan da ke dakatar da lissahi da kanshi in mutum ya tsaya, in ba haka ba zai yi shiru ya ba ka kunya. In lokaci ya cika ta tsaida, a tura waya, ku duba tare. Galibi za ku ga turmin Hajiya ya yi yawo, ya leƙa maƙwabta, wataƙila har ya yi mita ashirin ko talatin bai motsa ba. In ranar sama ta yi kyau zanen bai warwatsu sosai ba kar ka karaya, taurarin suna sauya wuri kowane lokaci, a sake gobe da asuba daidai lokacin da abin ya faru. In ta ce sai dai a gindin bedin can, to a ba babban ɗanka ko ƙanenta agogon shi je shi tsaya. Kai dai kar in ji ka koma wurin kai kaɗai da sunan bincike.

To nan ne zan ɗan taka ka Alhaji, ka yi haƙuri. In gwajin ya hito yadda kake so, kar ka miƙe kana "ai na gaya maki", kar ka kira yara shaida, kar kalmar jahilci ta hito bakinka. Hajiya ba ta yi wauta ba, maganarta ma akwai hankali ciki, ita dai ba ta san na'ura ba ta ƙarya amma tana kuskure ba. Kuma ka tambayi kanka me ya sa ta buɗe taswirar tun farko. Ka duba abin da idonta: mutumin da shekara da shekaru daga masallaci shi dawo shi koma shimfiɗa sai an tashe shi shan koko, yau wata huɗu shina ɓacewa cikin duhu awa guda, tumbi na zubewa, an sayi sabon takalmin basket, an sayi wando mai santsi, a dawo a zauna ana kallon waya ana murmushi kai kaɗai. Kai ka san lambobin gudunka kake ma murmushi, ita fa? A garin nan wace mace ce za ta ga alamun nan ba ta fara jin ƙamshin lehe ba? Layin da ya shiga gidan can ashana ce kawai, itacen ya daɗe da bushewa. Ina zargin tun ranar da likita ya yi maka maganar tansiyo ba ka zaunar da ita ka ce mata tsoro ka ji ba, mu maza haka muke, gara a ce muna neman aure da a ce muna tsoron shanyewar ɓarin jiki. Ka gaya mata. Ka nuna mata takardar likita da maganin da kake sha, ka ce mata gudun nan don ka ga auren ƴaƴanka kake yi. In kuwa can ƙasan ranka akwai niyyar ƙari, wannan ba laihin tauraron Amurka ba ne, ka hito ta ƙofa ka faɗa yadda addini da mutunci suka tanada.

Daga nan ka buɗe mata abin gaba ɗaya, wayar ta ci gaba da zama inda take zama, kar yanzu ka sa sabon lambar sirri. Kahin ka hita ka ce yau hanyar Tsibiri zan bi, ko yau wajen jami'a. In tana so ma ka ja ta, ba sai gudu ba, tahiya mai ɗan sauri da hijabinta bayan la'asar sakaliya ko da sassahe, hukumar lahiya ta duniya minti 150 zuwa 300 a mako ta ce babba shi samu na motsi matsakaici, mata kuwa su ma tansiyo da sukari ba su ƙyale su ba. Ranar da ta ɗaura agogon ta dawo ta ga ya ce ta ratsa ta cikin shagon mai walda, magana ta mutu.

Ita kuma baiwar Allah da ke gidan can, wataƙila barcinta take lokacin da ake wannan zane, ba ta san an yi ba. Kar sunanta shi hita. Kar ka kai labarin nan fada don a yi dariya, daga fada zai shiga kasuwa, daga kasuwa shi koma gidan su da ƙari, mace mai jiran miji kuwa ba abin da ke kashe mata kasuwa irin wannan. Ka roƙi Hajiya ita ma in ta riga ta gaya ma ƴan uwanta ta koma ta gyara.

Tun da muna maganar taswira, akwai abin da ya hi damuna da hushin Hajiya. In kana cikin masu ɗora hoton gudunsu a status na WhatsApp ko a Strava, manhajar masu gudu, ka sani kana raba ma duniya ƙofar gidanka, da lokacin da kake hita, da lungun da kake bi kai kaɗai cikin duhu, da awar da gida ba namiji. Kai ɗan kasuwa ne an san ka da juya kuɗi, kuma ba sai na gaya maka halin tsaro a yankinmu na bakin iyaka ba. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura taswirar da Strava ta wallafa ta inda mutane ke gudu tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, don sojojin suna futin da agogunansu suna zana shingen sansanin da ƙafarsu. In ta faru da soja, mai atamfa fa? Cikin saitin manhajar akwai inda ake ɓoye farkon gudu da ƙarshenshi, akwai inda ake cewa abokai kaɗai za su gani, ka kunna duka. Mai sauƙi ma, kar ka danna farawa a ƙofar gida, ka taka har bakin kwalta tukuna, ka tsaida a can in ka dawo. Ka riƙa sauya hanya da rana.

Maganar abokinka ba ta da tsawo. Gwajin jabu guda ne: bar waya a gida, hita da agogo kaɗai, in ka dawo ya zana hanyar da ka bi to GPS ɗinshi na gaske ne. Waɗanda ake zubawa a tebur bakin kasuwa da yawansu lilon hannu kawai suke ƙirgawa su ƙiyasta nisa, ko su ari na waya, wasu ma in ka ɗaura ma ƙafar kujera sai su ba ka bugun zuciyarta. Bambancin mita 300 cikin kilomita biyar ya ɗan yi yawa amma ba abin mamaki ba ne, kuma ba lalle mai babbar lamba ne mai gaskiya ba, sau da yawa ma shi ne mai kuskure, don wayar da ke cikin aljihu jikin cinya tana ta karkace karkace, kowace karkata kuma ƙarin mita ce. Ku hita kwalta miƙaƙƙiya inda duwatsun kilomita suke, hanyar Ɗan Isa ko ta Damagaram, ku auna daga dutse zuwa dutse na uku, wanda ya sha kaye shi sayi shayi da burodi. Ko manyan tseren duniya na kilomita 42 da mita 195 ba da GPS ake auna hanyarsu ba, da keke ake aunawa mai na'urar ƙirga juyin taya, kuma masu tseren kusan kullum agogunansu sun hi haka nunawa. Kai dai ka riƙa jira alamar tauraro ta cika kahin ka danna, ka haɗa shi da waya ko sau biyu a mako don shi sauko da jadawalin inda taurarin za su kasance, shi hi saurin kamawa, in kuma shina da zaɓin haɗawa da wasu taurarin irin su Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin ka kunna, batir zai hi saurin sauka amma a lungunan cikin gari za ka ga bambanci.

182 ɗin nan kuwa ba zan yi wasa da shi ba, saboda kai mai tansiyo ne. Koren hasken da ke walƙiya bayan agogon shi ke leƙa jinin da ke wucewa ƙarƙashin fata, in madaurin ya yi sako-sako, ko sanyin hunturu ya sa jini ya ja baya daga fata, sai shi rikice shi kama ƙirga takun ƙafarka a madadin zuciya, takun mai gudu kuwa daman wajen 160 zuwa 180 shike a minti. Alamar haka ita ce lambar ta yi tsalle farat ɗaya alhali kai ba ka ji komi ya sauya ba. Ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗaure shi daidai. Ranar da ya sake nuna haka ka tsaya, ka sa yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na sakan 15 ka ninka sau huɗu. In naka ya ba da 140 shi shina ihun 182, agogo ne. In kuwa sun yi kusa, to gudun ya hi ƙarhinka, don lissahin da aka saba yi na 220 a cire shekaru 176 zai ba ka, duk da shi ma ƙiyasi ne, mutane sun bambanta. Ko wane ne daga ciki ka koma wurin likitanka ka gaya mashi kana gudu kullum kuma ga lambar da kake gani, shi duba zuciyar, shi gaya maka iyakar da za ka tsaya, don wasu magungunan tansiyo irin su atenolol suna rage bugun zuciya, agogo kuwa bai san kana sha ba. In ka taɓa jin nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙi, ko zuciya na tsalle ba tsari, ka tsaya nan take ka tari kabu-kabu zuwa asibiti, kar ka tsaya duba me agogo ya ce. Kuma kar ka bar magani don tumbi ya ragu, kar ka yarda da duk agogon da ya ce shina auna sukari ta fata, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irinsu a watan Fabrairu na 2024. Tansiyo kuma da abin nan mai matse dantse ake auna ta.

Saura gwiwa, wadda ka ambata a wuce kamar ba komi ba alhali ita ta jawo duk wannan shari'a. Ka ce kullum. Wata huɗu kullum, mutum mai shekara 44 da nauyin jiki, wanda da daga shago sai mota. Na san abin da ke faruwa don ni ma ya faru da ni, agogon nan shina da wata dabara ta mallake mutum, yau shi ce ka kafa sabon tarihi, gobe ka ji in ba ka karya na jiya ba kamar ka yi asara a kasuwa, jibi abokinka ya ɗora nashi ka ga ya hi ka da sakan goma sai barci shi ƙi zuwa. Akwai asubar da na hito na tarar batir ya mutu don an kwana ba kuran, wallahi sai na juya na koma gida, wai gudun da ba a rubuta ba kamar ba a yi ba, mai ɗakina ta dube ni ta ce ashe agogon ke da tumbin ba kai ba. Tun ranar na gane magatakarda na ɗauka aiki ya zama mai gari. Kantu da ya kawo ma Maradi takobin kokowa na farko daga Tawa a 1975 ba wanda ya taɓa ƙirga mashi taku.

Ka juya aikin agogon, ka sa shi zama birki. Kwana uku ko huɗu a mako sun isa, da hutu a tsakani, sauran ranakun tahiya ko ka zauna ka yi azkar ɗinka. Yawancin gudun shi zama wanda za ka iya hira da abokinka kuna yi, in ba ka iya gaya mashi farashin shadda jimla guda ba tare da haki ba to ka yi sauri da yawa. Ka cire lambar sauri daga huskar agogon ka bar minti da bugun zuciya kaɗai, ka sa shi riƙa girgiza in ka wuce iyakar da likita ya ba ka. Yanzu da gwiwa ke ƙorahi ka huta mako guda cur, in ka dawo ka saita shi minti uku gudu minti ɗaya tahiya, kusan duk agogunan Garmin da Coros da Polar da ire-irensu suna yin wannan, kuma ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne jimlar mako, ta riƙa hawa kaɗan kaɗan, ba lambar kowace sahiya ba. In gwiwar ta kumbura, ko tana sa ka ɗingishi, ko mako biyu ba ta lafa ba, a nuna ma likita, kar a tsaya shafa man zahi.

Kuma kar ka gwada saurinka na yashin unguwa da na mai bin kwalta, yashin Maradi shina cin ƙafa, agogo kuwa bai san bambancin rairayi da siminti ba. Haka in bazara ta shigo, watan huɗu da na biyar da rana ke wuce digiri 40, ko da asuba garin bai huce ba, zuciya za ta hi bugawa gudu shi ragu, sai agogon shi fara gaya maka wai ƙarhinka ya ja baya, ƙyale shi, ka sha ruwa ka rage. Ranar da hazo ya ruhe gari ƙura na shiga haƙori ka bar gudun. Da azumi tahiya ta wadatar. Lambar kalori kuma ƙiyasi ce, a jimlace mutum shina ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinshi a kowace kilomita, in kai kilo 90 ne kilomita biyar wajen 450 ke nan, ƙosai da fanke da shayi mai madara da sukari cokali huɗu na teburin bakin kasuwa sun maida maka ita kahin ka buɗe shago.

Kar ka saida agogon, ƙanenka zai ji ba daɗi, kuma saidawa yanzu kamar ɓatar da shaida ne. Yau da dare in yara sun kwanta ka yi sallama ɗakin Hajiya da bakinka ba da aike ba, turmi kuma sai gobe da asuba. In gwiwa ta sake riƙe ka a hanya, ka daure ka ja ƙafa har jikin masallaci ka jingina can, in agogon zai shigar da kai wani wuri gara shi shigar da kai sahun gaba.